Tambaya da Amsa: Shin Hasken Fitila Yana Karo da Wani Haske?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina jan motar haya da dare. Duk sanda wata mota ta haske ni, sai titin gabana ya ɓace. Wani fasinja ya ce hasken waccan ne yake bugun nawa ya mayar da shi baya. Gaskiya ne? Kuma ina son in cire ƙwan halojin in sa LED, me kuka gani? Daga wani direba a Funtuwa.

Amsa: Barka kadai, direba. Fasinjan naka bai canka daidai ba. Ƙwayoyin haske, waɗanda masana ke kira foton, ba su da cajin lantarki, saboda haka ba sa jan juna, ba sa ture juna. Haskenka da nasa ratsa juna suke yi kowa ya wuce abinsa. Matsalar a idonka take da gilashin gaba: haske mai ƙarfi yana watsuwa a cikin ido, da kan ƙura da karce-karcen gilashi, ya lulluɓe titin. Idan hazon hunturu ya sauko abin sai ya ninka, domin ƙurar tana dawo maka da naka hasken ma.

Sai da ɗan tsakani ake sa foton ya san da zaman ɗan'uwansa. A 2013 masanan jami'o'in Harvard da MIT a Amurka, ƙarƙashin Mikhail Lukin da Vladan Vuletic, suka sanyaya tururin sinadarin rubidiyam har gab da ƙarshen sanyi, suka tura raunanan hasken lesa a ciki. Foton na farko idan ya zaburar da ƙwayar zarra ɗaya, maƙwabtanta ba sa karɓar irin wannan zaburar, dole na biyun ya bi sawun na farko. Sai ga su suna fitowa bibbiyu a manne. A 2018 aka samu uku-uku. Can kuma a cibiyar CERN ta Turai, na'urar ATLAS ta tabbatar a 2019 cewa foton yana iya yin karo da foton su sauya hanya, abin da masana Euler da Heisenberg suka lissafa tun shekarun 1930, amma sai da aka harba ƙwayoyin dalma da gudu kusan na haske. Fitilar mota ko kusa ba ta kai nan ba.

Yanzu ga naka. Ƙwan halojin H4 wat 60 ne a ful, 55 a dim. Siririyar waya ce ta tongistin take yin ja har ta yi fari, kuma madubin bayan fitilar an ƙera shi ne daidai da inda wayar take zaune. Ka sa LED na kasuwa wanda wurin haskensa ya goce ko da milimita kaɗan ne, haske ya tarwatse sama. Za ka ga gaban bamba fari tas ka ji daɗi, alhali nesa babu komai, mai zuwa kuma ka kashe masa ido. Ƙila irin wannan ne yake damunka a hanya. In ka nace, nemi wanda haskensa ke fitowa daidai gurbin wayar halojin, ka ɗaura shi fuskokinsa biyu suna kallon dama da hagu. Ka kuma sani LED daga gindi yake zafi. 'Yar fankar da ke sanyaya shi in ta cika da ƙura ta tsaya, hasken ya dushe, ƙwan ya mutu.

Akwai kuma wani nau'in ƙwai, zenon, wanda BMW ta fara sawa a 1991; wat 35 kawai yake ci amma ya ninka halojin haske. Ba waya a cikinsa, tartsatsin wuta ne a cikin iskar gas, kuma akwatin balas ɗinsa, wato mai ba shi wuta, yana harba bolt sama da 20,000 wajen kunnawa. Kada ka taɓa shi mota na kunne. In ya fara komawa ruwan hoda ko yana ƙiftawa, ya tsufa. Gidansa fitila mai ƙwallon gilashi a gaba, ba mai buɗaɗɗen madubi ba. Ta lesa da aka gani a BMW i8 a 2014 kuwa, ba ta mu 'yan haya ba ce.

Ra'ayinmu, ka zauna a halojin mai kyau ka gyara abin da ke kewaye da shi. Kada mai riwaya ya sa maka ɗan wat 100: wajen amfa 8 yake ja maimakon 5, soket ya narke. Kada ka kama gilashin ƙwan da yatsa, maiƙon hannu yana sa wurin ya yi zafi ya kumbura. A goge murfin fitila in ya yi rawaya, a duba wayar as ko ta yi tsatsa. Sannan saiti: tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga bango, ka auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa ka yi alama a bangon. A yawancin motoci, saman hasken dim ya kamata ya tsaya santimita 10 ƙasa da alamar. Tunda kana cika but da buhuna, ka yi awon da lodin a ciki, don nauyin baya yana ɗaga hancin mota.