Wa za mu tambaya kafin mu koya wa yaranmu sana'a?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu a ƙaramar hukumar Auyo, Jihar Jigawa. Muna da 'yar cibiyar koyon sana'a da muka gina da karo-karon 'yan gari. Mun yaye matasa a ɗinki, aski, haɗa sabulu da kwamfuta, amma da yawansu sun sayar da kayan sallamar, wasu sun koma zaman majalisa, wasu sun tafi ci-rani. An ba mu shawara mu kafa kwamitin masu ɗaukar ma'aikata, su riƙa gaya mana abin da ya kamata mu koyar. To mu a ƙauye ina muka ga kamfani?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah Ya saka wa ƙungiyarku da alheri. Shawarar da aka ba ku mai kyau ce, kuma mutanen da ake nufi suna nan kewaye da ku. Duk wanda yake ciro kuɗi daga aljihunsa ya biya wani ladan aiki, shi ake nema: mai injin casar shinkafa, bakaniken da ke da yara biyar a ƙarƙashin darbejiya, mai walda, mai haƙa rijiyar burtsatse, mai tarakta ko injin girbi da yake bayarwa haya, babban manomin rani da ke ɗaukar masu feshi da masu ban-ruwa. Kuna zaune a bakin aikin noman rani na kwarin Haɗejia, inda shinkafa da alkama suke juya kuɗi kusan duk shekara, amma a sana'o'i huɗun da ka lissafo babu ko ɗaya da ta taɓa fadama. Daga nan matsalar ta soma.

Ba ku kaɗai ba ne. Ɗinki da sabulu su ne mafi sauƙin shiryawa: keke ba shi da wuyar saye, malami yana kusa, kuma ranar yaye hoto yana kyau. Sai dai garin da teloli goma suke jiran Sallah kafin su ga ciniki ba zai ciyar da sababbin teloli talatin ba.

Tsarin tambayar masu sana'a kafin a rubuta manhaja ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. An kafa asusun horar da ma'aikata na ITF a 1971, kamfanoni suna zuba masa kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu, kuma shi ya fito da shirin SIWES da ke tura ɗalibai sanin makamar aiki. Hukumar ilimin fasaha ta NBTE, wadda aka kafa a 1977 take da hedikwata a Kaduna, tana da majalisun sana'o'i inda masu aikin da kansu suke tsara abin da ya wajaba mutum ya iya kafin a ba shi shaidar ƙwarewa ta NSQ. A Jamus kuwa, inda aka fi yabon tsarin, yaro yana yin kwana uku ko huɗu a mako a wurin aiki, sauran a makaranta, maigidansa yana biyansa, kuma masu sana'a suna cikin waɗanda ke yi masa jarrabawa. Abin lura a nan shi ne mai ba da shawarar yana da abin da zai yi asara idan horon ya lalace. Wannan kaɗai za ku ɗauko daga wurinsu, sauran tsarin ya fi ƙarfin cibiyar ƙauye.

Wajen zaɓen mutane, ku kiyayi kwamitin manyan riguna. Hakimi da dagaci da kansila su sa albarka ranar buɗewa, wannan haƙƙinsu ne, amma zaman aiki na masu baƙin mai a hannu ne. Mutum shida zuwa goma sun isa a kowace sana'a. Kada ku tsaya kan oga kaɗai, domin wani ogan ya shekara bai riƙe sifana ba, yana ofis ko yana hanyar Kano sayo kaya. Ku kira babban yaronsa, shi ya san abin da ke lalacewa kullum. Ku nemi shugabannin ƙungiyar makanikai da ta masu amfani da ruwan noman rani, da sarkin maƙera idan har yanzu yana ƙira. Kuma kada a sa zama ranar kasuwa ko tsakiyar girbi, ba mai zuwa.

Yadda ake tambayar ya fi komai muhimmanci. Idan ka ce wa bakanike, "Me ya kamata mu koya wa yara?" zai ce maka ladabi da haƙuri da riƙon amana, ku yi addu'a ku tashi. Gaskiya ya faɗa, amma ba a rubuta manhaja da ita. Ka ce masa: "Oga, a makon jiya wane aiki aka kawo maka ka mayar saboda ba ka da mai yi? Yaron da ka kora na ƙarshe, me ya ɓata? Idan na kawo maka yaro gobe, me za ka ba shi ya yi don ka san ko ya iya?" Nan bakinsa zai buɗe.

Ɗauki gyaran injin ban-ruwa. A ajiye injin da ya ƙi tashi a tsakiyar tabarma, a ce ɗayansu ya gyara yana faɗin abin da yake yi, wani yana rubutawa a allo. Zai fara leƙa tanki ya ga ko man ya gauraya da ruwa, ya kwance fulogi ya duba wuta, ya wanke kafireto, ya ja igiya ya ji ko injin yana da ƙarfin matsi ko ringi ya cinye. Idan ya tashi amma ba ya jan ruwa, sai a koma kan tiyo ko yana shan iska, a duba sil, a buɗe a ga ko yashi ya ci farfelar ciki. Sauran za su yi ta katse shi, "A'a, ni ba haka nake yi ba," kuma wannan gardamar ita ake nema. Kafin la'asar allon ya cika da matakai, kowanne da kayan aikinsa da kuskuren da sabon yaro ya saba yi a wurin. Manhajarku ke nan. Masana suna kiran wannan hanya DACUM, sukan yi ta cikin kwana biyu a ɗakin taro, amma gindin bishiya ma yana yi.

A irin zaman nan za ku ji abin da ba ya cikin littafi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, manoma da yawa sun karkata ga famfon sola, wasu sun mayar da injinansu masu amfani da gas. Yaron da ya iya haɗa fanel ɗin sola, ya san lissafin wuta da kaurin waya, ya iya gano abin da ya ƙona na'urar sarrafa famfon, ba zai rasa kira ba lokacin rani. Za ku kuma ji ƙorafin da ba na hannu ba: yaro bai iya awo da tef ba, bai iya rubuta wa mai kaya lissafi ba, ya karɓi kuɗin kayan gyara ya kashe. Ku sa waɗannan cikin darasi kamar yadda za ku sa walda.

Ga mata, wanda za a tambaya shi ne mai saye, tunda yawancinsu a gida za su yi sana'ar. Ku zauna da dillalan shinkafa da matan da suka daɗe suna turara ta, su faɗi abin da ke karya farashi: tsakuwa, karyewar ƙwaya, baƙin launi daga jiƙon da ya wuce kima, shanya a ƙasa ba leda. Haka masu sarin riɗi da zoɓo da ke kai kaya Maigatari ko Dawanau. A yi zaman matan daban, mace ta jagorance shi, in ba haka ba shiru za ku sha.

Sai dai kada ku ɗauki duk abin da oga ya faɗa kamar yankan wuƙa. Yana da nasa lissafin. Wani yaran da za su yi masa wanke-wanken ƙarfe kyauta yake so. Wani zai ce sana'arsa ta cika don kada a yaye masa kishiya a gari. Wani kuma zai nace sai a koyar da irin injin da shi yake da shi kawai, alhali yaron zai iya ƙarewa a Kura ko Kadawa da ke Jihar Kano gaban wani injin daban. Maganin wannan shi ne ku ji daga mutum fiye da ɗaya, ku ji daga manoman da suke kai gyara, sannan malamin cibiya ya riƙe tushen aikin, wato dalilin da ya sa inji yake yin abin da yake yi, wanda shago ba kasafai yake koyarwa ba.

Ni a ganina, ma'aunin ɗan kwamiti ɗaya ne: yara nawa zai karɓa? Wanda ya ce a koyar da walda, a tambaye shi ko zai ɗauki biyu su yi wata uku a shagonsa. A rubuta a takarda gaban dagaci da iyayen yaro: kwanakin zuwa, ayyukan da za a nuna masa, wa zai ba shi kuɗin abinci, wa zai ɗauki magani idan ya ji rauni, da gilashin walda da safar hannu. Wanda ya zame daga wannan, a gode masa, a rage nauyin shawararsa. Alawus ɗin zama kuma kada ya wuce kuɗin mai da abinci, don idan ya yi kauri za ku tara masu zuwa sa hannu.

Ranar gwaji ma 'yan kwamitin ne za su yi alƙalanci, amma ba oga ya gwada yaronsa ba. A yi musaya, na wannan gari ya gwada na wancan. Yaron da ya tsallake, ku taimaka masa ya nemi takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ake farawa daga mataki na uku a haura zuwa na ɗaya, ko shaidar NSQ ta hannun cibiyar da NBTE ta amince da ita. Kuna iya tuntuɓar kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗejia, tunda ita ce kusa da ku, ku ji yadda za ku jingina da su.

Kafin ku ɗebi sababbin ɗalibai, ku buɗe littafi ku bi sawun waɗanda kuka riga kuka yaye: wa yake aiki, a ina, nawa yake samu a mako, wa ya sayar da kekensa kuma me ya sa. Ku karanta wa kwamitin a zamansu na farko, ku maimaita bayan kowane girbi. Kwas ɗin da aka yaye sau biyu ba wanda ya ci abinci da shi, a dakatar da shi, a mayar da kuɗin kan wanda masu shaguna suka yi alkawarin karɓar yaransa.