Ga mai tambaya kan salak ɗin dankalin da ke zama fate

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce duk sanda kika yi wa maigida da yara salak ɗin dankalin turawa sai ya dagargaje, kuma kafin dare ya fara tsami. Ni ma na sha wannan farkon zuwana Garwa ta Kamaru, har uwar mijina ta taɓa leƙa kwano ta ce, "Yau fate aka yi mana?"

Matsalar daga tukunya take. Kada ki fere ki yayyanka kafin ki dafa, ruwa yake sha. Ki wanke shi da ɓawonsa, ki zaɓi masu girma ɗaya, ki zuba a ruwan sanyi da gishiri sannan ki ɗora. In kika jefa shi a tafasasshen ruwa, bayan zai narke, cikin yana nan ɗanye. Bayan ya tafasa, minti 20 zuwa 25 ya ishi matsakaici. Ki soka wuƙa, in ta shige ba gardama ki tsiyaye nan take. Sabon haƙa ya fi riƙe jikinsa, shi ya sa in na ga na wajen Mokolo ya shigo kasuwa ba na wucewa. Wanda ya yi kore ko ya fara tsiro, ki yanke wurin ki yar.

Abin da ya gyara min nawa shi ne wannan: da ɗuminsa nake ɓarewa in yanka, in zuba binegar cokali 2 da mai cokali 3 a kilo ɗaya, da ɗan mutar, wato mustad, in akwai. Man gyaɗa ko man auduga na Diamaor, duk wanda ke hannu. Dankali mai ɗumi ne ke shan ɗanɗano, in ya huce sai dai ya tsaya a bayansa. Mayonez kuwa sai ya yi sanyi sarai, in ba haka ba ya tsinke ya koma mai. Sannan ki zuba dafaffen ƙwai 3, karas, da albasar da kika jiƙa a ruwa ta rage yaji. Ki juya sau biyu da faffaɗan cokali ki ƙyale shi, ba tuwo ba ne.

Tsamin kuma, zafin garinmu ne. A watan Maris da Afrilu Garwa tana haura digiri 40, dafaffen dankali da ƙwai ba sa jure fiye da awa ɗaya a waje. Wani azumi na haɗa tun azahar na sa a firigo, aka ɗauke wuta, ban lura ba sai da aka kira magariba. Kwano guda na zubar, yara suna kallona kamar su yi kuka. Tun daga ranar, bayan la'asar nake dafawa in sa binegar, mayonez da ƙwai sai saura minti goma a sha ruwa, kuma daidai cikinmu nake yi don kada ya kwana.