Kun Tambaya Mun Amsa: Wai Shiri Ake Yi a Gasar Tanis ta Maza?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni dai gaskiya ɗan bal ne, tanis ban taɓa damuwa da ita ba, sai ranar Lahadin babbar sallar 2025 muna gidan kallo muna jiran wasan Fotugal da Sifaniya mai gidan ya sa mana fainal ɗin French Open, Alcaraz da Sinner. Da farko har surutu muka yi masa, amma wallahi mun fita magariba mun dawo mutanen nan suna nan suna yi, daga nan ba wanda ya ƙara cewa a canja tasha. Abokina ya ce duk shiri ne, tun farko ake tsarawa na ɗaya da na biyu su haɗu a fainal. Gaskiya ne? Sannan ya aka yi mutum ya ci set biyu kuma a ƙarshe aka cinye shi?
Daga wani mai karatu, Kurna.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kai ai ka shigo ta babbar ƙofa, don wasan da ka gani ranar 8 ga Yuni ɗin nan awa 5 da minti 29 aka yi ana bugawa, ba a taɓa fainal mai tsawonsa a French Open ba. Ni a gida na kalla, abincin sallah aka ajiye min a gefe har ya huce ban taɓa ba.

Abokinka ya hango wani abu amma ya fassara shi a karkace. Manyan gasanni huɗu ne a shekara, na Ostareliya a Janairu, na Faransa, wato French Open ɗin da ka kalla, wajen ƙarshen Mayu a kan jar ƙasa, Wimbledon a Landan a kan ciyawa, sai na Amurka a ƙarshen Agusta. Kowacce mutum 128 ne ke shiga ɓangaren ɗai-ɗai na maza, kuma ba rukuni ba gida da waje, aka cinye ka sau ɗaya ka ɗau jakarka sai filin jirgi. 128 su koma 64, su koma 32, haka har a rage mutum biyu, wato mai ɗaukar kofi sai ya kayar da mutum bakwai a jere cikin sati biyu. To kafin a jefa ƙuri'ar wa zai haɗu da wa, ana ware mutum 32 da suka fi maki a duniya, a sa na ɗaya a can saman jadawali, na biyu a can ƙasa, sauran a warwatsa su yadda ba za su ci karo da juna ba sai zagaye na uku. Dalilin kawai kar manyan su cinye juna ranar farko a bar 'yan kallo da fainal marar armashi. Ka ga ko a dambe ai ba a buɗe fili da manyan 'yan dambe, sai yara sun gama tukunna.

Don haka eh, an tsara cewa na ɗaya da na biyu ba za su haɗu ba sai a fainal. Amma ba wanda ya tsara musu isa can, kowanne sai ya ci wasa shida da hannunsa, kuma shekaru da yawa ɗayansu a hanya yake faɗuwa. Ka faɗa wa abokin naka labarin Goran Ivanisevic ɗan Kuroshiya, 2001 yana na 125 a duniya, makinsa bai ma isa ya shiga Wimbledon kai tsaye ba alfarma aka yi masa aka ba shi gurbi, kuma shi ya tafi da kofin.

Sai batun lissafi, kuma nan ne daɗin abin yake. Hawa uku ne. Maki ke tara gem, gem ke tara set, set ke ba da wasa. A cikin gem ci na farko 15, na biyu 30, na uku 40, na huɗu ka ɗauke gem ɗin, sai dai in kun yi 40 da 40 to dole wani ya ci biyu a jere. Wanda ya riga kai gem 6 da tazarar biyu shi ke da set, in aka yi 6 da 6 sai a yi raba gardama, wanda ya fara kai maki 7 da tazarar biyu, a set na biyar kuma maki 10. A manyan gasannin nan maza sai ka ci set uku cikin biyar. Sinner biyu ya ci, saura ɗaya, kuma ɗayan nan ne ya gagara.

Ka tuna set na huɗu? Sinner na gaba da gem 5 da 3, Alcaraz ke sabis, wato shi ke fara bugo ƙwallo a gem ɗin, kuma an yi masa 0 da 40, wato dama uku Sinner ya samu, ƙwallo ɗaya tak zai ci ya ɗaga kofi. A bal in kana gaba da ci biyu minti 88 sai ka kai ƙwallo kwana, gola ya kwanta, koci ya yi canji, ka cinye lokaci. A tanis babu agogon tashi, babu canjaras, babu benci. Duk tazarar da ka bayar sai ka ci ƙwallon ƙarshe da kanka, kuma hannu yana rawa a lokacin ko kai waye. Alcaraz ya tsallake ukun nan ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwace set ɗin, ya zo ya ci raba gardamar set na biyar da 10 da 2. Ni har yanzu in na tuna fuskar Sinner yana zaune a kujera bayan an tashi sai na ji tausayinsa ya kama ni, ba wanda zai ce wa kai ka jawo mana, shi kaɗai ne. Allah da ikonsa bayan sati biyar suka sake haɗuwa a fainal ɗin Wimbledon ya rama.

Har ma mutum yana iya fin abokin karawarsa yawan maki a cinye shi. Fainal ɗin Wimbledon 2019 Federer maki 218 ya ci, Djokovic 204, amma Djokovic ne ya ɗau kofi don shi ya ci makin da ke da nauyi, raba gardama uku aka yi duka ya kwashe. Shi kuma rashin agogon nan shi ya jawo Isner da Mahut a 2010 suka yi awa 11 da minti 5 cikin kwana uku, set na ƙarshe 70 da 68, irin wannan na cikin abin da ya sa daga baya aka kawo raba gardama a set na biyar.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ɗana shekararsa 11, tunda ya samu tsohon raket a gwanjo bangon gidanmu bai huta ba. Shin ɗan Najeriya ya taɓa zuwa irin waɗannan gasanni, ko dai in ce ya haƙura?
Daga wata uwa, Tarauni.

AMSA: Hajiya don Allah kar ki ce ya haƙura, bango shi ne malamin farko na duk mai buga tanis. Kuma eh an taɓa. Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, wato cikin mutum 16 na ƙarshe, ya kuma kai na 52 a duniya. Manyan ma sun taɓa zuwa har gida, Arthur Ashe yana riƙe da kofin Wimbledon ya zo gasa a Legas a Fabrairun 1976, a makon ne aka kashe Janar Murtala, Allah ya jiƙansa, har sojoji suka shigo fili suka tsayar da wasansa.

Amma ba zan ɓoye miki ba hanyar akwai tsada. Ɗan tanis ba shi da kulob mai biyansa albashi duk wata, kuɗin jirgi da masauki da na koci duk daga aljihunsa, abin da ya ci a fili shi ne nasa. Daga ƙananan gasannin ITF, wato hukumar tanis ta duniya, ake farawa ana tsintar maki kaɗan-kaɗan, a hau matakin tsakiya da ake kira Challenger, sannan gasannin ATP, wato ƙungiyar ƙwararrun 'yan tanis maza, masu ba zakara maki 250, 500, 1000, manyan huɗun nan kuma 2000, kuma makin shekara ɗaya yake yi ya zube sai ka sake nemowa. Yaranmu da yawa masu hannu a matakin farkon nan suke maƙalewa, ba don rashin iyawa ba, kuɗin tafiya ne babu, abin yana ci min rai ƙwarai.

Sai dai mu a Kano muna da abin da garuruwa da yawa ba su da shi, gasar Dala Hard Court da ake yi a Kano Club, 'yan wasa daga ko'ina a ƙasar nan suna zuwa. In lokacinta ya yi ki sa babansa ko kawunsa ya kai shi, kuma su zauna ta bayan ɗan wasa ba ta gefe ba, daga nan ne zai ga yadda ƙwallo ke lanƙwasa ya ji ƙarar takalmi a kan siminti. A nan na taɓa ganin wani saurayi tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, ya naɗe da filasta a hutun daƙiƙa 90 ɗin nan da ake ba su, ya ɓare ayaba ya ci rabi ya miƙe ya koma sabis. In an tashi su tsaya su gaisa da masu koyarwa a wajen, su tambayi ranakun da yara ke atisaye, a kuma nema masa raket daidai hannunsa don na gwanjon nan wataƙila na manya ne, zai iya ji masa ciwo a gwiwar hannu.