Amsa: Mene ne laifin "borrow me your pen"?

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce malaminku ya ja maka jan biro a kan "borrow me your pen", kana tambayar laifin jimlar tunda kowa haka yake faɗa. Na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare, kuma ban taɓa karɓar sabon aji ban tarar da wannan ba. Da Hausa kuke tunani, baki kuma ya fitar da Turanci.

Mu kalma ɗaya ke mana aiki biyu: na ari littafi, na ara masa littafi. Bature kuwa ya raba su bisa inda abin ya dosa. In hannunka zai shigo, borrow ne. In daga hannunka zai fita, lend ne. Kai da kake neman biro sai ka ce "lend me your pen", tunda daga hannun mai biron zai fita, ko "can I borrow your pen?". Borrow na tafiya da from, lend na tafiya da to. In kuma abin ya riga ya wuce, lent za ka ce, babu wani lended. A kasuwa ko tasha ba mai ɗaga maka gira kan "borrow me", amma mai duba takardar WAEC ko NECO ba zai yafe ba.

Wani abin ban sha'awa, mu ma muna da bambancin da Turawa ba su damu da shi ba. Tabarma ko keke aro ne, shi ɗin dai za ka dawo da shi. Kuɗi ko kwanon gero rance ne, madadinsa za ka biya. Bature duk borrow yake cewa.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce owe, don ni kaina ta taɓa kayar da ni. Ina sabon ma'aikaci na rubuta wa wani abokin aikina ɗan kudu "I owe you five thousand", nufina ina bin sa dubu biyar. Ashe na rubuta cewa shi ke bi na! Hausa da mai bin bashi take farawa, Turanci da wanda ake bi. Daidai shi ne "you owe me". Da safe ya zo yana dariya, takardar a hannunsa, wai yaushe zan biya.