Yarana sun tono ƙarafan da ban san kansu ba, in sayar a kilo?

Tambaya: Na sayi na'urar gano ƙarfe a ƙasa, na ba yara biyu suna yawo da ita a kufai, muna raba abin da aka samu. Sun kawo mini kuɗi masu huji a tsakiya, da wani farin kuɗi babba mai hoton mace, da munduwa mai kauri wadda ta yi kore, da wani dunƙule rawaya mai nauyi. Ɗan gwangwan ya ce zai saye duka a kilo. In sallama?

Amsa: Alhaji, kada ka ɗora su kan sikeli tukuna. Kada kuma ka bari a goge su da toka ko ruwan batir don su yi ƙyalli, domin wannan tsatsa da koren su ne shaidar tsufansu, kuma da su masani yake gane abu.

Fara da maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika ya isa. Abin da maganaɗisun ya kama, baƙin ƙarfe ne. Wanda ya yi kore kuwa akwai jan ƙarfe a jikinsa, shi kaɗai ko a gauraye kamar tagulla.

Dunƙulen rawaya shi zai hana ka barci, na sani. Auna shi a giram, ka jefa shi a kofin awo mai ruwa, ka ga mililita nawa ruwan ya tashi, sai ka raba nauyin da wannan adadi. Zinari tsantsa yana ba da kusan 19, dalma 11, tagulla ba ta kai 9 ba. In lissafin ya yi sama, kai wa maƙeran zinari biyu daban-daban su gwada a gabanka, kada a shige da shi ciki.

Masu hujin nan anini ne ko kwabon zamanin Turawa. An buga su birjik, ba za su yi maka wani kuɗi ba. Farin mai hoton mace, in ka ga 1780 a jikinsa, liyari ne, kuɗin Mariya Tereza ta Ostiriya da fatake suka yi ciniki da shi a ƙasar Hausa. Kada shekarar ta ruɗe ka, an ci gaba da buga shi da wannan lamba har bayan ƙarni biyu. Amma azurfa ce, nauyinsa wajen giram 28, don haka a giram ake cinikinsa, ba a kilo ba.

Munduwar ce nake so ka yi hattara da ita. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wanda aka ba izini. Ɗauki hotonta, ka rubuta inda aka tono ta, ka nuna wa ma'aikatan gidan tarihi, irin na Gidan Makama a Kano. In aka narka ta, an yi asarar da kuɗi ba ya mayarwa.

Yaran nan kuma amana ne a hannunka. Ka ja musu kunne: duk ƙarfe mai kama da kwalba ko harsashi babba, rufaffe ruf, ko mai waya a jiki, kada su taɓa, kada su buga. Su yi nisa, su sanar da 'yan sanda. Kuma kafin su sa diga a ko'ina, su nemi yardar mai fili da mai unguwa.