Kifayena na goga jiki da bango, fararen ɗigo sun fito musu

TAMBAYA: Salam Malam. Ina da ɗan tafkin siminti a bayan gida, na zuba karfasa, kwanan baya kuma na sayo koi guda biyar na ƙara don ƙawa. Tunda hunturu ya shigo suke goga jiki da bango, ga wasu fararen ɗigo a jiki da wutsiya kamar an barbaɗa musu gishiri, abinci ma sun daina ci. Na fasa kafso na zuba har sau biyu amma shiru. Dan Allah me zan yi? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Toh ɗan'uwa, ka daina ɓarnar kafso, maganin bakteriya ne, abin da ke damunsu kuma wata 'yar mitsitsiyar halitta ce da ake kira ik, kuma ina kyautata zaton koi ɗin nan ne suka zo da ita tunda ba ka killace su ba, sanyin hunturu kuma ya rage musu ƙarfin jiki.

Wannan ɗigon da kake gani ita ce a lafe cikin fata tana ci, kuma muddin tana ciki ba maganin da zai taɓa ta. Sai ta ƙoshi ta faɗo ƙasan tafki ta rufe kanta, ta rarrabu ɗaruruwa, 'ya'yan su fito suna iyo suna neman kifi, toh a nan ne kawai ake iya kashe su, in ba su samu kifi ba cikin kwana biyu su ma mutuwa suke. In ruwa da ɗumi zagayen nan bai wuce mako guda, da sanyi kuwa sai ya ja makonni, shi ya sa zubi ɗaya ba ya isa.

Ka samu gishiri tsagwaronsa, kilo 3 a duk lita 1000, ka narkar a bokiti ka zuba kashi uku cikin kwana biyu, kar ka juye shi gaba ɗaya. Ka bar shi aƙalla mako biyu ko da ɗigon ya ɓace, in ka canja ruwa ka mayar da gishirin da ya fita. Ka ƙara musu iska, ka riƙa zuƙe dattin ƙasa. In wani ya ce ka sa malakait girin, wani koren maganin kifi, kar ka yarda tunda karfasar ci za ku yi. Sabon kifi kuma a ajiye shi daban mako uku, da ragarsa da bokitinsa.