Kafin ka zuba jarinka a cikin baƙar Buick ɗin nan, zauna mu yi lissafi

Wani ɗan uwa da ke zaune a Amurka, sana'arsa sayen motoci a gwanjo yana turawa Kwatano da Legas, ya turo min tambaya. Ya ce ya samu wata tsohuwar Buick Grand National ƙirar 1987 a hannun wani dattijo, sun yi ciniki a kan dala dubu 30, kuma yana so ya ƙara kamar dubu 20 ya saka mata babban turbo, wato na'urar cusa wa inji iska, da sauran kayan gudu, ya riƙa hawanta cikin gari, ƙarshen mako kuma ya kai ta filin tsere, in ta yi suna sai ya sayar a dubu 70. Yana tambaya ko wannan kasuwanci ne mai kyau. A ƙarshen saƙon ya ƙara da cewa wani kaso na kuɗin daga jarin motocin da yake turawa gida zai ciro.

Toh Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Gaskiya na ji daɗin tambayar nan sabida motar da ka ambata ni ma ina sonta sosai, amma son mota daban lissafin kasuwa daban, kuma tunda shawara ka nema ba yabo ba, zan faɗa maka abin da na gani ba ɓoye-ɓoye. Sayen motar zai iya zama ciniki mai kyau. Dubu 20 ɗin da kake son zubawa a kai kuwa, ka ɗauka kuɗin nishaɗi ne, mafi yawansu ba za su dawo aljihunka ba, kai har ma suna iya janyo darajar motar ta yi ƙasa da yadda ka saye ta.

Bari in gaya maka dalili. Me ya sa mutane ke biyan kuɗi mai kauri a kan motar da ta kusa shekara 40? Ba don gudu ba ne wallahi, yanzu akwai motocin iyali da za su yi kafaɗa da ita a titi. Suna biya ne don tarihinta. A lokacin da kowa a Amurka ya yarda cewa mota mai ƙarfi sai mai silinda takwas, Buick suka fito da inji mai silinda shida, lita 3.8, suka ɗora masa turbo, a 1986 suka ƙara masa abin sanyaya iskar da turbo ke turawa, zuwa 1987 ƙarfinsa ya kai na dawaki 245, motar baƙa wuluk daga gaba har baya, ta riƙa kunyata manyan motoci a danja. Shekarar 1987 ita ce ta ƙarshe, sun ƙera guda dubu 20 da ɗoriya, sannan suka rufe da wani samfurinta na musamman mai suna GNX wanda guda 547 kacal aka yi, wasu daga cikinsu an sayar da su a gwanjo dala dubu 200 har sama. To mai biyan irin wannan kuɗin yawanci dattijo ne wanda ya ga motar yana saurayi bai da halin saye, yanzu ya samu hali yana son ya same ta kamar yadda ta fito daga kamfani, kujerunta na asali, tayoyin ƙarfenta na asali, in ya buɗe bonet ya ga komai a mazauninsa. Wannan mutumin in ya leƙa ya ga ka yanka fayif, ka huda dashbod ka liƙa agogo uku, ka walda ƙarafa a bayan kujera, zai yi maka godiya ya juya. Ka rasa babban kwastoma kenan.

Wanda ya rage maka shi ne ɗan tsere, shi kuma ɗan tsere ya san farashin kowane noti, kuma bai yarda da aikin hannun wani ba. Abin da zai fara tambayarka shi ne waye ya haɗa injin, sau nawa aka kai ta fili, me ya taɓa fashewa. Kayan da ka saya sabo dal da cikakken kuɗi shi a wurinsa na hannu ne, kuɗin aikin bakanike kuwa ko sisi ba zai lissafa maka ba, kuma kasan yadda aikin hannu yake da tsada a ƙasar nan, awa-awa ake caji. Ka shiga shafukan da ake tallar irin motocin nan ka karanta da kanka, za ka yi ta cin karo da masu rubuta cewa sun kashe kaza amma za su karɓi ƙasa da haka, rasit ɗin duk suna nan. Dubu 70 ɗin da kake hange ka nemo min Grand National guda uku da aka yi wa irin aikin da kake nufi kuma aka saye su a wannan kuɗin, wanda aka biya fa, ba wanda aka rubuta a talla ba. In ka samo sai mu sake magana.

Sannan dubu 20 ɗin ma ba a nan za ta tsaya ba, nan ne nake so ka tsaya ka fahimta da kyau don shi ke cinye mutane. Turbo iska yake cusa wa inji, in ka ƙara iska dole ka ƙara mai, in mai bai kai ba wutar cikin silinda ta yi zafi fiye da kima ta fara tashi ba a kan lokaci ba, injin ya riƙa ƙwanƙwasa, cikin daƙiƙa kaɗan gaskit ɗin kan inji ya ƙone, in an yi rashin sa'a fistin ya narke. Don haka babban turbo yana jawo babban famfon mai, da sabuwar wayar da za ta kai masa wuta sosai, da manyan nozul, da sabon cif a ƙwaƙwalwar motar, da na'urar da za ta riƙa nuna maka ƙwanƙwasar tun kafin kunnenka ya ji. Ka gama wannan sai giya ta ce ita ma ga ta, giyar motar nan 200-4R ce mai hawa huɗu, an yi ta ne daidai ƙarfin da kamfani ya ba injin, in ka ninka ƙarfin sai an buɗe ta an sake mata ciki. Daga nan sai aksul na baya, sai tayoyi masu kama ƙasa, sai birki, don birkin asalinta da ake kira Powermaster dama can an san shi da ba da matsala in ya tsufa. Kowane abu ka ƙarfafa sai na kusa da shi ya zama shi ne mai rauni, haka za ka yi ta bi kana biya.

Na taɓa raka wani abokina fili da irin motar nan, ya ƙara matsin turbo da yammar ranar bai taɓa ɓangaren mai ba, wai zagaye ɗaya kawai zai gwada. Fitila ta ba da kore ya taka totur, motar ta ɗaga hanci ta tafi gwanin sha'awa, bai kai ƙarshen layi ba sai farin hayaƙi ya turnuƙe bayanta. Da muka isa wurin ruwan lagireto na ɗiga daga salansa, ya zaro sandar auna baƙin mai sai ga shi ya koma kamar shayi da madara. Ya daɗe a tsaye riƙe da sandar nan bai ce komai ba. A kan motar ja muka dawo gida cikin dare, motar kuma ta yi watanni a gareji don kuɗin gyaran ba su cikin lissafinsa.

Batun hawa cikin gari da kuma tsere a mota ɗaya, ka san taura biyu ba ta taunuwa. Tseren nan miƙaƙƙiyar hanya ce ta rubu'in mil, wato kamar mita 402, kuma filayen da ke bin dokar NHRA, ƙungiyar da ke tsara irin wannan tseren a Amurka, suna da sharuɗɗa gwargwadon saurinka. In kana gamawa a daƙiƙa 13.99 ko ƙasa sai da hular kwano, tsohuwar mota irin taka in ta sauko 11.49 sai an kafa mata ƙarfen kariya a ciki, in ta kai 9.99 cikakken keji ake nema da lasisin tsere. Ka ga kenan iya saurin da ta yi iya yankan da za a yi wa cikinta, iya nisan da za ta yi daga dattijon nan mai kuɗi. Ta ɓangaren titi kuma dokar tsaftar iska ta Amurka ta hana cire na'urorin rage hayaƙi daga motar da ke hawa titi, hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, ta sha cin tarar masu gareji da masu sayar da irin kayan, kai kuma ɗan kasuwar mota ne, abin zai fi yi maka nauyi in ka sayar da ita a haka. In a Kalifoniya kake, tsohuwar motar fetur ƙirar 1976 zuwa sama sai ta ci gwajin hayaƙi. Inshora kuma ka karanta takardarka, kusan dukkansu sun cire hannunsu daga abin da ya faru a filin tsere, in ta daki bango asararka ce kai kaɗai. Tsere a titin gari kuwa don Allah ko da wasa kar ka fara, banda kama mota da ƙwace lasisi akwai rayukan mutane, kuma kai baƙo ne a ƙasar, ƙaramin laifi yana iya taɓa takardunka.

Kar ka sa ran kyautar tsere za ta rufe ko kuɗin taya da mai. Yawancin masu zuwa fili ran Juma'a da dare su ke biyan kuɗin shiga don su gwada motarsu, abin da suke komawa gida da shi ƴar takarda ce mai ɗauke da lokacin da suka yi.

Yanzu maganar da ta fi damuna, wato jarin motocin gida. Alhaji buɗe littafinka ka duba, dala dubu 20 Corolla ko Camry nawa take saya maka, sau nawa kuɗin ke juyawa a shekara daga gwanjo zuwa jirgin ruwa zuwa hannun dillali, nawa kake samu a kowane zagaye. Wannan ribar da za ka rasa ita ma ka rubuta ta a cikin kuɗin Buick, domin kuɗin da ya kwanta a gareji a kan jak ba ya haihuwa. In kuma a cikin jarin nan akwai kuɗin mutane da suka ba ka kafin alƙalami don ka sayo musu mota, to wannan amana ce, babu ma zancen taɓawa. Irin sana'arku da yarda take tafiya, mutum a Kano ko Maraɗi ya tura maka miliyoyi bai ga komai ba sai hoto a waya, ranar da aka ce motar wane ta makara wata uku don kuɗi sun maƙale, labarin zai riga ka isa kasuwa. Kuma kar ka yi tunanin in ta ƙi sayuwa a can za ka turo ta gida, shekarunta sun wuce abin da dokar shigo da mota ta Najeriya ta yarda da shi nesa ba kusa ba, ga rashin kayan gyaranta, ga injin da aka ƙara wa matsi yana son mai mai daraja sosai.

Da ni ne a matsayinka ga yadda zan yi. Zan fara tabbatar da cewa Grand National ce ta gaske, don akwai masu ɗaukar Buick Regal ta yau da kullum, mai jiki iri ɗaya da ita, su fesa mata baƙin fenti su liƙa tambari. Ka duba lambar shasin motar, wato VIN, alama ta takwas ta zama 7, sannan ka ɗaga murfin but akwai takardar da kamfani ya liƙa mai jerin lambobi, ka nemi WE2 a ciki, ita ce alamar Grand National. Ka sa a ɗaga ta sama ka duba ƙarfen shasi ta wajen baya don tsatsa na cin su a nan, musamman in daga jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi ta fito. Takardar mallaka ta zama mai tsabta, ba irin ta motar da inshora ta yafe ba. In duk wannan ya yi daidai, sai in kashe mata kuɗin lafiya kawai, famfon mai da matata, fulogi, robobin da suka bushe, sarƙar taimin da giyarta don ta asalin haƙoranta na roba ne kuma suna gutsurewa da tsufa, in gyara birki, in wanke ta tas. Duk abin da na cire in saka a kwali in rubuta suna in ajiye, rasit kuma a fayil ɗaya. Motar da ke tashi da bugu ɗaya, ba ta ɗiga, ga kayanta na asali a kwali, ita ce mai sayuwa da sauri, kuma a haka ma in ka taka ta za ka ji turbo ya danna ka cikin kujera.

In kuma zuciyarka ta kafe sai ka yi tsere, ba laifi ba ne mutum ya yi abin da yake so da halalinsa, amma ka ware masa kuɗi daga riba, adadin da in ya ƙone gaba ɗaya cefanen gida da jarin kasuwa ba za su ji ba. Kuma ka juya lissafin nan da na yi maka ya zama kai ne mai cin moriya, wato ka sayi wadda wani ya riga ya kashe wa dukiya ya gaji yana neman mai karɓa, ka je da bakanike wanda ya san irin injin ya auna maka matsin kowace silinda kafin ka biya. Ko ka nemi Mustang mai turbo, lita 2.3, irin wadda Ford suka fito da ita a ƙirar 2015 da ƙarfin dawaki 310, suna da yawa a gwanjon da kake shiga kullum, kayansu na ko'ina, in ka lalata ɗaya ba ka lalata abin tarihi ba.

Akwai kuma wata ƙofa da na ga ta fi kusa da sana'arka. Kai kullum idonka na kan gwanjo, ka san yadda ake sayen motar da ta yi hatsari da araha. Masu irin Buick ɗin nan kullum cikin neman kayan asali suke, fitilu, bamba, kujeru, tayoyin ƙarfe, abubuwan da kamfani ya daina yi tuntuni, kuma duk shekara suna taruwa a filin Beech Bend da ke Bowling Green a jihar Kentaki. Ka je sau ɗaya ba da niyyar tsere ba, ka zagaya wurin masu baje kaya da littafi a hannu, ka ji abin da ake tambaya ba a samu ba da kuɗin da ake biya.

Kafin ka ba dattijon nan mai sayar da motar ko dala ɗaya, turo min hoton takardar cikin but da hoton shasin ta ƙasa, sannan ka faɗa min tsakani da Allah a cikin dubu 50 ɗin nan nawa ne naka na kanka, nawa ne na mutane.